Wace manhaja za mu ɗauka don gwada sigina kafin a buga allo?

Habu (Yaba):
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Muna da allon da'irar lantarki (PCB) mai hawa shida da za mu tura Shenzhen a buga. A kansa akwai babban cif Zynq-7020 mai ƙafa 400 a tazarar 0.8 mm, cif ɗin ma'adanar bayanai (DRAM) nau'in DDR3L guda biyu masu bit 16 kowanne a gudun 1066 MT/s, Ethernet na gigabit ta RGMII, sai USB 2.0. A manhajar zanen allo ta KiCad aka zana. Zubi na gaba ana son komawa Zynq-7015 saboda PCIe, hanyar haɗa na'urori mai saurin gaske. Oga ya ce in kawo masa sunan manhaja ɗaya da farashinta. Waɗanda nake jin sunansu: HyperLynx, Sigrity, SIwave da HFSS, sai ADS. Wacce ta dace da mu? Kuma na kyauta irin openEMS za su iya wannan aikin?

Malam Nura (Ikeja):
Wa alaikumus salam, Habu. Ajiye sunayen tukuna, ɗauko takarda da biro. Ba yawan bugun kulok ke sa layin jan ƙarfe ya fara rigima ba, kaifin tashin sigina ne, wato lokacin da take ɗauka daga ƙasa zuwa sama. A kan FR4, kayan da ake yin jikin allo da shi, sigina na cin kusan pikosakan 6 a kowace milimita idan layin na saman allo, kusan 7 idan yana binne a ciki. DDR3 na tashi cikin kamar pikosakan 200, tafiyar milimita 30 ke nan. Ɗauki kashi ɗaya cikin shida, ka samu milimita 5. Duk layin da ya wuce haka, idan imfidans ɗinsa, wato turjiyar da sigina ke gani a layin, bai daidaita ba, sigina za ta je ƙarshe ta dawo maka da amsa-kuwwa. Layukanka na DDR ba za su gaza milimita 30 ba, don haka duk suna ciki.

Yanzu bi su ɗaya bayan ɗaya. USB 2.0: tagwayen layi na ohm 90, gajere, a kan shimfiɗar giraun (jan ƙarfen da wuta ke komawa ta kansa) marar tsaga, da diyod ɗin kariya wanda bai kai pikofarad 1 ba. Kalkuleta ya ishe ka. RGMII: kulok na 125 MHz, data a gefe biyu, kowane bit nanosakan 4. Rizistar ohm 22 zuwa 33 kusa da mai turawa, an gama. Abin da ke kashe RGMII ba ya fitowa a kwaikwayo ma: jinkirin nanosakan 1.5 zuwa 2 tsakanin kulok da data ne, ko dai babu wanda ya sa shi, ko kuma an sa shi sau biyu, a cikin PHY, wato cif ɗin Ethernet, da kuma a layukan allo. DDR3L ce kaɗai ta cancanci a zauna mata. Ita ma in ka bi jagoran shimfiɗa allo na Zynq, ka kwafi jerin hawan allon da aka riga aka tabbatar yana aiki, LTspice da Saturn PCB Toolkit za su kai ka, kuma duka kyauta ne.

Injiniya Halima (Surulere):
Malam Nura, na yarda da kai har zuwa jumlar ƙarshe. A nan muka rabu. LTspice ba ya karanta fayil ɗin IBIS, wato modal ɗin da ke bayyana yadda ƙafafun cif ke turawa da karɓar sigina. Abin da mutum zai yi shi ne ya buɗe fayil ɗin, ya kwashi C_comp da R, L, C na kunshin cif, ya sa tushen wuta mai gangara da rizistar ohm 34 a matsayin mai turawa. Wannan na nuna maka siffar layi ɗaya, kuma yana da amfani. Amma DDR mai bit 32 layuka ne sama da sittin, ana rubutu ana karatu, kowanne da nasa ODT (rizistar ƙarshen layi da ke cikin cif), ga kusurwa uku na modal: mai sauri, matsakaici, mai nawa. Bit ɗaya a 1066 pikosakan 938 ne. Cire abin da DRAM ke buƙata kafin da bayan DQS (siginar da ke nuna lokacin ɗaukar data), cire rawar kulok, cire kutsen maƙwabta idan bit takwas suka juya tare, ka ga abin da ya rage. Wannan lissafin ba a yin sa da hannu sau ɗari.

Shi ya sa in dai manhaja ɗaya ce, kuma damuwar DDR ce, HyperLynx zan ce. Ɓangaren LineSim na gwaji ne kafin shimfiɗa layuka, BoardSim kuma bayan an shimfiɗa, sannan akwai mayen DDRx, wato mai jagorar saiti mataki-mataki, da zai tambaye ka wane layi ne DQ na data, wane ne DQS, wane modal, wane ODT, ya zagaye duka ya fito maka da tebur na rarar lokaci a kowane layi. KiCad ma na fitar da fayil a tsarin HyperLynx kai tsaye. Sigrity na yin irin wannan, amma daɗinta sai wanda ke zane a Allegro.

Malam Nura (Ikeja):
Hajiya, KiCad tun fitowa ta 7 tana ɗaukar IBIS ta hanyar ngspice. Ba sai an kwashi lambobi da hannu ba.

Injiniya Halima (Surulere):
Tana ɗauka, amma a zanen da'ira. Ba ta zaro layukan da ka shimfiɗa a allo ta mayar da su modal, ba ta san ramin haɗi (hudar da ke haɗa hawa da hawa) nawa ka bi ba, ba ta san maƙwabcinka ba. Kai za ka auna tsawon kowane yanki ka shigar. Na koyo, madalla. Na sa hannu a kan allon da za a buga dubu, a'a.

Garba (Agege):
Ku yi haƙuri in shiga tsakani, don Habu ya jera sunaye biyar kamar abu ɗaya suke yi, alhali injin lissafin da ke cikinsu iri uku ne.

Na farko yana yanka allo a gicciye ya duba faɗin layi, kaurinsa da nisansa da giraun. Polar Si9000e ke nan, da injin da ke cikin LineSim. Sakanni kaɗan ya ba ka imfidans, asara da kutse, amma ya ɗauka cewa giraun ɗin da ke ƙasa cikakke ne har abada. Na biyu yana kallon allo duka hawa-hawa, ya san shimfiɗar wuta da tsaga da ramuka: SIwave da PowerSI. Na uku yana warware filin lantarki ta kowace fuska: HFSS, Clarity, CST, da openEMS. Shi ne mafi gaskiya, shi ne kuma mafi cin RAM da lokaci, saboda haka ba a jefa masa allo sukutum. Ana yanko ramin haɗi ɗaya, ko ƙafar soket, ko mafitar BGA (kunshin cif mai ƙafafu jere a ƙasansa), a ba shi. ADS kuma ƙarfinta a haɗa hanyar sigina daga mai turawa zuwa mai karɓa ne, da modal ɗin IBIS-AMI, ta zana maka ido, wato hoton da ke nuna ko sigina za ta karantu, a kuskuren bit ɗaya cikin tiriliyan.

Dalilin da ya sa bambancin ke da muhimmanci: wutar da ta tafi ta layi sai ta dawo, kuma a babban firikwansi ƙarƙashin layin take bi. Ka tsaga giraun a ƙasansa, sai ta zagaya, kamar ranar da aka rufe gadar Third Mainland kowa ya kwararo Ikorodu Road. Injin iri na farko ba zai ga wannan zagayen ba. Zai ba ka ido a buɗe tar, allo ya iso ya ƙi tashi. To a allo mai hawa shida, inda hawa na huɗu yawanci an yayyanka shi gida-gida don 1.0 V, 1.35 V, 1.8 V da 3.3 V, duk layin da ya jingina da wannan hawan abin tuhuma ne.

Habu (Yaba):
Yaya Garba, jerinmu haka yake: sigina, giraun, sigina, wuta, giraun, sigina. DDR na hawa na ɗaya da na uku. Ke nan hawa na uku na cikin haɗari?

Garba (Agege):
Ya danganta da kauri. Idan tsakanin na biyu da na uku 0.1 mm ne, tsakanin na uku da na huɗu kuma ya haura rabin milimita, to mafi yawan wutar komawa na bin giraun na sama, tsagar ƙasa ba za ta yi tasiri sosai ba. In kuwa kaurin ya yi kusa da juna, ka shimfiɗa 1.35 V cikakke a ƙarƙashin yankin DDR duka, kada wata wuta ta ratsa wurin. Sauka daga hawa na ɗaya zuwa na uku ba shi da laifi, don giraun ɗaya suke jingina da shi, sama da ƙasa. Sauka zuwa na shida ne ke canza giraun, a nan sai ka dasa ramin giraun kusa da ramin sigina, cikin milimita ɗaya ko biyu.

Injiniya Halima (Surulere):
Tunda an zo nan, Habu, ka duba abu guda a yau ɗin nan. Kana daidaita tsawo da milimita ne ko da pikosakan? Layin milimita 40 a hawa na ɗaya da layin milimita 40 a hawa na uku ba sa isa tare. Na ciki na makara da kusan pikosakan 35. Kowane rukunin bit takwas da DQS ɗinsa da DM ɗinsa (layin rufe rubutu) su zauna a hawa ɗaya, su bi ramuka daidai da juna. Sannan ka fitar da jinkirin cikin kunshin cif daga Vivado, manhajar saita Zynq, ka haɗa da na allo, don ƙafafun BGA ba tsawonsu ɗaya ba a ciki. Lambobin jinkirin allo da Vivado ke tambaya a saitin DDR ma daga nan za su fito. Mutane na barin na allon gwajin da suka kwafa, sai horon DDR, wato daidaita lokaci da cif ke yi idan an kunna, ya fara daga wurin da ba nasa ba.

Sadiq (Akoka):
Gafara dai manya, ɗalibi ne. Ansys na da ta ɗalibai kyauta, kuma akwai masu sa wa mutum cikakkiyar a kwamfuta da kuɗi kaɗan. Me zai hana?

Alhaji Tijjani (Apapa):
Sadiq, ta ɗalibai an taƙaita girman ragar da za ta warware, wato yawan ƙananan gidajen da ake yanka zane don lissafi, kuma sharaɗinta ya hana aikin kasuwanci. Ka koya da ita, wannan halal ne. Ta biyun kuwa kada ka kai ta kamfani. Ba maganar shari'a kaɗai ba. Wanda ya fasa manhajar ba ka san me ya cusa a ciki ba, kuma kwamfutar da zanen kamfani ke ciki za ka ɗora ta. Ranar da abokin ciniki na waje ya nemi rahoton gwaji da shaidar lasisi, ba ka da abin nunawa. Rabin abin da ake biya ma na injiniyan da zai amsa maka ne idan modal ya ƙi.

Habu, ga ɓangaren kuɗi, tunda oga zai tambaya. Manyan nan ba sa rubuta farashi a shafinsu, sai ka nemi takardar farashi ta wakili, da dala, kuma cikakken kunshi na iya kai dubun-dubatar daloli a shekara. Ana sayar da su gunduwa-gunduwa: ka sayi tushe, ka tarar mayen DDR daban, injin fuska uku daban, yawan ƙwaƙwalwar kwamfutar da za ka yi amfani da su daban. Ka sa a rubuta maka sunan kowane ɓangare a takardar. Ka tambayi hayar wata uku maimakon shekara, ka tambayi shirin ƙananan kamfanoni, Ansys na da shi. Ka tambaya ko lasisin na ɗaure da kwamfuta ɗaya ne ko na saba (server) ne, don na saba in sabar ta mutu ko intanet ya yanke tsakaninku, aiki ya tsaya. Katin naira ba zai ɗauki irin wannan kuɗin ba, ta banki za a bi, a sa makonni a lissafi. Ka kuma san wa kake magana da shi: HyperLynx ta Siemens ce tun da suka sayi Mentor Graphics a 2017, Sigrity ta Cadence ce tun 2012, Ansys kuma ta koma hannun Synopsys a 2025.

Shawarata ta ɗan kasuwa: kamfanin da ke fitar da allo mai DDR ɗaya ko biyu a shekara bai kamata ya riƙe lasisi ba. Ya biya mai lasisi ya yi masa gwajin ƙarshe.

Malam Nura (Ikeja):
Alhaji ya faɗi abin da nake nufi, ya fi ni iya faɗa. In ƙara da Simbeor, ba a cika ambatonta ba, kuɗinta bai kai na manyan ba, kuma a lissafin layuka, ramuka da asarar kayan allo ba ta da wasa. Sai dai ba ita za ta ba ka teburin lokacin DDR irin wanda Hajiya ke so ba.

Dakta Maryam (Akoka):
Kun yi ta magana a kan injin, ba wanda ya taɓo abin da ake zuba masa, kuma a nan gizo ke saƙa. Manhajar dala dubu hamsin da kalkuletan kyauta amsa ɗaya za su ba ka idan lambobin allon ba daidai ba ne: amsar ƙarya, ɗaya dai ta fi kyan hoto.

FR4 ba abu ɗaya ba ne. Saƙar gilashi ce da aka jiƙa da danƙo. Dk, lambar da ke nuna yadda kaya ke rage gudun sigina, na gilashi kusan 6, na danƙo kusan 3, saboda haka na allo ya danganta da yawan kowanne. Saƙa mai lamba 7628 kaurinta kusan 0.2 mm, Dk wajen 4.4. Mai lamba 3313 kusan 0.1 mm, Dk wajen 4.1. A kan ta farko layin ohm 50 na kai faɗin 0.35 mm, a kan ta biyu kusan 0.15 mm. Wanda ya bar 4.5 ɗin da manhaja ta zo da shi, ya kuma ƙiyasta kauri da ka, kwaikwayon wani allo yake yi, ba nasa ba. Kafin a ja layi ɗaya, a rubuto wa masu bugawa a nemi: sunan kayan, lambar saƙa a kowane hawa, kauri bayan an matse, Dk da Df (ma'aunin asarar sigina a kayan) da firikwansin da aka auna su, kaurin jan ƙarfe bayan an yi masa rufi. Hawa na waje da aka fara da siririn jan ƙarfe yana ƙarewa kusan 35 µm ko fiye bayan rufi. Layin kuma ba murabba'i yake fitowa ba, samansa ya fi ƙasansa ƙunci saboda cin sinadari. Koren fenti na sauke imfidans na layin waje da ohm 2 zuwa 3. Bayan duk wannan, alkawarin masu bugawa kashi 10 cikin ɗari ne sama ko ƙasa. Don haka a gudanar da gwaji sau uku: a daidai, a sama, a ƙasa. Zanen da bai tsira a ukun ba bai tsira ba.

Abu biyu kuma na garin nan. Akwatin da ke rataye a rana a Legas cikinsa na zafi ƙwarai, ga zafin cif ɗin kansa, saboda haka kusurwar mai nawa, wato zafi da ƙarancin wuta, ita ce taku ta kullum, ba matsakaiciya ba. DDR3 in ta haura digiri 85 sai an ninka sabunta ta, daga kowane 7.8 µs zuwa 3.9 µs. Na biyu laima. FR4 na shan danshi, Df na hawa. A 533 MHz ba za ku ji ba, a PCIe mai dogon layi za a fara gani.

Modal ɗin IBIS ma a tace shi. A wuce da shi ta ibischk, a tabbatar na DDR3L ne mai 1.35 V ba na 1.5 V ba, a tabbatar lambar DRAM ɗin da ke modal ita ce wadda mai sayo kaya zai samu a kasuwa. Ana canza DRAM a ranar sayayya saboda tsada, ba wanda ya koma kan gwaji.

Habu (Yaba):
Ranki ya daɗe, wannan ya shafe mu. Jagoran shimfiɗa allo na Zynq ya nemi ohm 40, amma ƙarƙashin BGA dole muka matse layi zuwa 0.1 mm don ya wuce tsakanin ramuka. Wannan zai ɓata?

Dakta Maryam (Akoka):
Lissafa. A kan 0.1 mm na 3313, layin 0.1 mm na wajen ohm 60. Daga 40 zuwa 60, rabon dawowa 20 bisa 100 ne, wato 0.2. Amma in matsatsen wurin milimita 5 ne, zuwa da dawowa pikosakan 60, tashin sigina kuma 200, don haka abin da zai bayyana kusan 0.2 sau 0.3, kashi 6 cikin ɗari. Ana zama da shi. Ka bar shi ya kai milimita 20, ka samu kusan duka kashi 20 ɗin. Da ka fita daga ƙarƙashin cif ka buɗe layin.

Injiniya Halima (Surulere):
Irin tambayar da LineSim ko ma LTspice ke amsawa cikin minti goma ke nan, a nan ba ni da ja da Malam Nura. Haka layin adireshi: ya fito daga Zynq, ya bi ta DRAM ta farko, ta biyu, ya ƙare a rizista zuwa VTT, wutar ƙarshen layi ta 0.675 V. Gwada rizistar ohm 36, 39 da 43, ka duba DRAM ta farko, don ita ke shan amsa-kuwwar da ta dawo. A layukan data gwada ODT 40 da 60 da ƙarfin turawa 34 da 40. Kada ka manta rizistar ZQ da DRAM ke daidaita kanta da ita, ohm 240 mai kashi 1, kowace DRAM da tata.

Wutar ciyarwa ma a duba. Rarar da aka yarda a 1.35 V ba ta da yawa: in ka ba wa kanka 40 mV, cif ya fizgi amfiya 1 farat ɗaya, imfidans ɗin layin wuta kada ya wuce miliohm 40. Kafasitar 22 µF ƙarama ba 22 take bayarwa ba idan wuta na kanta, SimSurfing na Murata na nuna wannan kyauta. Abin da ke kashe kafasita a babban firikwansi nisan ramukanta ne daga ƙafarta. SIwave da PowerSI a nan suka fi kowa.

Sadiq (Akoka):
To openEMS fa? Ba wanda ya amsa.

Garba (Agege):
Tana aiki, amsarta kuma daidai ce in ka iya yanka raga. Ba ta da ragar da ke gyara kanta kamar HFSS, wadda ke ƙara yanka har sai canjin S, lambobin da ke nuna abin da ya wuce da abin da ya dawo na sigina, ya sauka ƙasa da 0.02. Kai za ka rubuta komai a Python ko Octave. Tarkon shi ne ƙwayar raga mafi ƙanƙanta ita ke yanke tsawon kowane taku. Ƙwaya ɗaya ta 10 µm da ta shigo bisa kuskure na mayar da taku kusan femtosakan 19, nanosakan 2 ya zama taku dubu ɗari. Layin da ke tafiya a karkace kuma raga mai murabba'i na mayar da shi matakala. Don haka: ramin haɗi na tagwaye, ƙafar soket ɗin SMA, ko layi mai tsallake tsaga, bismilla. DDR duka, kada ka fara.

Kwamfutar da za ta yi irin wannan aikin, ko da wace manhaja, a ba ta RAM 64 GB in da hali, a Computer Village ana samu. A ɗora ta a kan inbata mai batir na gaske. Ƙaramin UPS na mintoci ne, gudu ɗaya kuma na iya cin dare, in aka ɗauke wuta kafin janareta ya kama an koma farko.

Habu (Yaba):
Saura PCIe na zubi na gaba. Shi ne oga ke tsoro.

Garba (Agege):
Bai kai abin tsoro ba. Zynq-7015 ƙarni na biyu ne, 5 GT/s, bit ɗaya pikosakan 200, firikwansin da ake duba asara 2.5 GHz. A FR4 na gama-gari, Df 0.02, asarar na wajen 0.4 zuwa 0.5 dB a inci. Layin santimita 10 bai wuce 2 dB ba. Kafasitar 100 nF girman 0402 a gefen mai turawa, tagwayen su daidaita, ramin giraun kusa da kowane sauyin hawa. Wutsiyar ramin haɗi, wato ragowar ramin da sigina ba ta bi ba, a allon 1.6 mm ba ta wuce 1.3 mm, kuma sai sama da 20 GHz take kaɗawa. Ba ruwanka da ita. Masu allon 3 mm a ƙarni na huɗu, 16 GT/s da kasafin asara 28 dB a 8 GHz, su ne ke biyan a huda ta baya a cire ta, su sayi kayan allo mai ƙarancin asara Megtron 6, su shiga lissafin kaushin jan ƙarfe. A can ne HFSS da ADS ke fansar kuɗinsu.

In kana son ganin ido ba tare da biya ba, zaro S na hanyar, haɗa su a scikit-rf, ka kai PyBERT. Kula da abu uku a fayil ɗin s4p mai ɗauke da S ɗin: jerin ƙofofi, don wasu 1 zuwa 2 suke jerawa wasu 1 zuwa 3, in ka juya za ka ga asarar da babu ita, firikwansi ya kai aƙalla ninki uku na 2.5 GHz, tazarar maki kamar 10 MHz, a fara daga kusa da sifili.

Dakta Maryam (Akoka):
A bar wuri a gefen allon farko don guntun gwaji: layi biyu iri ɗaya masu tsawo daban, misali milimita 30 da 100, da SMA a kowane baki, a hawa na ɗaya da na uku. Na'urar awo ta LiteVNA ko LibreVNA na kai 6 GHz, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar lasisin wata guda ba. Bambancin layukan biyu na cire tasirin soket, ya ba ku jinkiri da asara a kowace milimita, daga nan ku gyara Dk da Df na modal. Ku kuma nemi rahoton TDR, wato awon imfidans na layukan, daga masu bugawa, ku rubuta shi a cikin oda. Osiloskof ɗin 100 MHz da ke yawancin bencinmu tashinsa nanosakan 3.5 ne, ba zai ga gefen DDR ba, kada a ɗora shi a ce sigina ta yi kyau.

Malam Nura (Ikeja):
Hajiya Halima, in Habu ya yi duk wannan, har yanzu sai ya saya?

Injiniya Halima (Surulere):
Saya, a'a. Gudanarwa sau ɗaya kafin a tura, i, ban janye ba. Habu, nemi lasisin gwaji na HyperLynx, amma ka tambaye su a rubuce ko sharaɗinsa ya yarda a ɗora zanen kamfani, kuma ko mayen DDRx na ciki. In bai yarda ba, a biya mai lasisi. Kada a kunna gwajin sai komai na hannu: jerin hawa daga masu bugawa, IBIS na Zynq da na DRAM an tace, shimfiɗa ta kammala, fayil ya fita daga KiCad an buɗe an ga ramuka da shimfiɗun wuta sun shigo daidai, don wurin shigo da fayil ne kwanaki ke zurarewa.

Habu (Yaba):
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan rubuta wa masu bugawa yau a kan jerin hawa. Yaya Garba, in na turo maka hoton hawa na uku da na huɗu za ka duba min tsagar?

Garba (Agege):
Turo, amma ka kunna hawa biyun tare, ka haskaka layukan DDR, ka rubuta kaurin da ke tsakanin na biyu da na uku da kuma na uku da na huɗu a jikin hoton.